Zoɓon Zara Ya Shiga Kwalba

Fagge, Kano
8 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Yaya Ari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Zulfa da yara, kuma danshin Fatakwal bai tayar maka da tarin nan ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi alwala da kanta. Huseina tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta kai izu ashirin.

Shawara nake nema, don ba na son in yi abu ka ji shi a bakin wani.

Ka san tun rasuwar baban Huseina da zoɓo nake riƙe gidan nan. Kullum da hantsi in ƙulla a leda, in cika kula, in tura a baro zuwa Kantin Kwari, in zauna bakin layin 'yan shadda. Naira biyar leda. Alhamdu lillahi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

To, ka tuna Filomina, 'yar Baba Silbesta da suka yi aikin jirgin ƙasa da Babanmu, wadda muka tashi tare a kwatas ɗin tasha? Yanzu tana da babban shago a Sabon Gari, tana kai abin sha wuraren biki, lemo da giyar inabi. Ta zo yi wa Inna barka da Sallah, na zuba mata zoɓo. Ta sha kofi uku. A na ukun sai ta ɗaga kofin tana kallonsa a hasken rana har na zaci ƙuda ne ya faɗa.

Ta ce, "Zara, tun da aka fara zaɓen nan ba ni da hutu. Duk wanda ya ci kansila sai ya yi liyafa, ya tara Hausawa da Ibo da Yarbawa. A ce kowa ya ɗaga kofi a taya shi murna. Mutanenmu su ɗaga jan abu a kofi mai ƙafa, alhazai kuwa su ɗaga kwalbar lemo kamar 'yan makaranta. Ina kallon fuskarsu, ba sa jin daɗi. Wannan naki ja ne, yana da yaji a maƙoshi, kuma ba ya bugarwa. Me ya sa kike ɓoye shi a leda?"

Na yi dariya na ce ai zoɓo zoɓo ne. Ta ce ba a wurinta ba.

Ga abin da take so. Ni in riƙa dafawa a gida yadda na saba, da cittata da kanumfarina da ɓawon abarba. Ita ta kawo dogayen kwalabe, ta sa a buga takardar da za a manna a jiki, ta nemo masu biki. Abin da aka samu mu raba biyu. Ta ce in soja ya sauka a watan Mayu kamar yadda aka yi alkawari, liyafa sai ta gagari ƙirgawa.

Inna ta ce ita ba ta ga aibu ba, Filo 'yar gida ce. Amma na san abin da take sayarwa, na kuma san bakin mutanen unguwa. Kai ne babba. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Zara

Fatakwal
28 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga ƙanwata Zara,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Na ji daɗin labarin gwiwar Inna, amma kada ki bari ta riƙa ɗaukar buta a cike. Tari da sauƙi. Jiya na tsaya a layin zaɓe tun safe har azahar, rana ta gasa ni, amma na dangwala. Rabona da yin haka har na manta yadda tawadar take kama yatsa.

Filomina kuwa, ya za a yi in manta ta? Ita ce ta fasa mini goshi da murfin tukunya ranar da na cinye mata ɗanwake, tabon yana nan. Ki gaishe ta. Kwano ɗaya muka ci da su, ban kuma taɓa jin an ce ta cuci wani ba.

Ban hana ki ba. Amma ga abu uku. Kwalaben su zama sababbi, waɗanda giya ba ta taɓa shiga ba. Kada a jera kayanki wuri ɗaya da nata, ta nemi ɗaki daban. Na uku, kuma shi ne babba, ki kula da abin da za a rubuta a jiki. Babanmu ya zo Kano daga Barno da akwatin ƙarfe ɗaya, ya yi shekara arba'in a Fagge ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Abin da ya bar mana ke nan.

Sai dai ni ban ga wanda zai sayi zoɓo a kwalba ba alhali ga na naira biyar a bakin titi. Amma ni ma'aikacin tasha ne, abin da na sani lokacin tashin jirgi. Ku mata kun fi mu sanin kasuwa.

In za ki aiko da saƙo mai nauyi, ki ba Modu direban jirgin kaya, yakan zo nan duk bayan mako biyu.

Yayanki,
Ari

Fagge, Kano
12 ga Afrilu, 1999

Yaya Ari,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai zafi da ya sako mu gaba. Inna tana gaishe ku. A gurguje nake rubutawa, tukunya tana kan wuta.

Ga takardar kwalbar nan da na ba ka labarinta a doguwar wasiƙar da na ba Modu. Ka duba ka ga abin da aka buga da sunana, har da zanen inabi! Inna ta sa an karanta mata sau biyu.

Shekaranjiya muka kai kaya bikin farko, ɗaurin auren coci a Sabon Gari. Yaya, ba a bar ko kwalba ɗaya ba. Filo ta ce har wani tsoho ya miƙe yana rawa da kwalbar a hannu, yana cewa a ƙaro. Kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi mana magana, kwalba ɗari uku suke so ranar da za a miƙa mulki.

Ka taya mu addu'a.

Zara

Fatakwal
24 ga Afrilu, 1999

Zara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fata Inna tana lafiya.

Ban ga wata doguwar wasiƙa ba, Modu bai zo ba tun kafin Babbar Sallah. Ba na ma buƙatarta. Turancin da yake jikin takardar da kika aiko kalma uku ne, kuma na iya karanta su. ZARA RED WINE. Jar giya ta Zara. Na karanta a ofis, na ninke na sa a aljihu don kada abokan aikina su gani.

Abu uku na roƙe ki. Na ukun na ce shi ne babba. Shi ne kika aiko mini da shi kina murna, har kina ba ni labarin tsohon da ya sha ya tashi yana rawa. Kuma aka karanta wa Inna sau biyu, tsohuwar da ba ta jin Turanci, ban san da me kuka fassara mata ba.

Ban taɓa zaton neman abinci zai kai ki nan ba. In babu ce, da kin gaya mini, da na rage cin gidana.

Na rubuta wa Kawu Abdulƙahhar, tun da shi yake kusa da ku, na sa masa takardar a ciki, na ce ya zo ya tsayar da abin nan. In kuma kin zaɓi ki ci gaba, to ki shirya wa Inna kayanta. Zan zo in ɗauke ta ta zauna wurina. Ba zan bar ta ta ƙarasa kwananta a gidan da ake wannan sana'a ba.

Ari

(Wannan wasiƙar ita ce Zara ta ba Modu. Sai ranar 11 ga Mayu ta isa hannun Ari.)

Fagge, Kano
25 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yaya Ari,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, kuma ragon layya ya samu. Inna lafiya, ta ce a gaya maka butar ba ta fi ƙarfinta ba. Na ga wasiƙarka, na gode. Filo ta yi dariyar maganar goshi har da hawaye, ta ce in gaya maka ɗanwakenta yana nan a wuyanka.

Kwalabe sababbi ne fil, daga kamfani. Ɗaki kuma ta kama daban, a bayan layinsu. Amma sharaɗinka na uku ya kusa raba mu.

Ta zo da murnarta ta shimfiɗa mini takardar gwaji da mai buga takardu ya yi. Baƙa ce mai ruwan zinariya, da zanen inabi, an rubuta ZARA RED WINE. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce babu giya a ciki.

Na ce, "Filo, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kasuwa ce. A manyan kantuna akwai irin wannan daga ƙasar waje, ba ya bugarwa, kuma haka ake rubuta masa. Kalmar nan ita za ta sa a biya kuɗi."

Na ce, "A Fagge wa zai tsaya karanta ƙananan baƙaƙe? Sunana za su gani da kalmar nan kusa da shi. Kuma ina inabi a cikin zoɓona? Ƙarya biyu a takarda ɗaya."

Ta ce ban san kasuwa ba. Na ce ita ma ba ta san unguwarmu ba, duk da a cikinta ta girma. Ta naɗe takardarta ta fita ko sallama babu. Kwana uku ba mu yi magana ba, na ce a raina shi ke nan, in koma ledata.

Ran na huɗu sai ga ta da lemon zaƙi a leda ta kawo wa Inna. Ta zauna a tabarma, ba ta dube ni ba, ta ce wa Inna, "Inna, 'yarki taurin kai gare ta. To in ba wancan sunan ba, me za mu kira shi? In na rubuta zoɓo kawai, babban mutum ba zai ɗora shi a tebur ba."

Inna tana ɓare lemo ta ce, "Mu dai a gida karasu muke ce masa."

Filo ta maimaita sau uku, karasu, karasu, karasu. Ta ce, "Wannan ai kamar daga jirgin sama aka sauke shi!" Na ce Barbarci ne tsantsa. Ta ce wa ya sani?

To shi aka buga. KARASU da manyan baƙaƙe, da zanen furen zoɓo, a ƙasa kuma da Hausa da Turanci, girmansu ɗaya: zoɓo zalla, babu giya. Ni na tsaya a kan haka. Takardar farkon tana wurin Filo, in na karɓo zan aiko maka ka ga abin da na tsallake, ka yi dariya.

Sai maganar farashi. Na ce naira talatin, har ina jin kunya. Ta ce to mu gwada. Ta kai kwalba goma wani kantin kayan masarufi aka rubuta talatin. Kwana biyar babu wanda ya taɓa. Ta je ta cire takardar ta rubuta ɗari da ashirin, ta sa aka mayar da su layin sama. Kwana biyu suka ƙare. Ta ce wanda zai kai kwalba gidan suruki ba ya son a ce mai araha ya kawo.

Abin ya tsaya mini a rai. Tukunya ɗaya ce fa, daga cikinta nake ƙulla na naira biyar. Na ce wa Filo ba zan daina zuwa Kwari ba, kuma duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa abu ɗaya ne. Ta ce in gaya masa, kwalbar yake saya da zaman da za ta yi a tebur. Kai me ka gani, akwai cuta a ciki?

Ƙanwarka,
Zara

Fatakwal
11 ga Mayu, 1999

Zuwa ga ƙanwata Zara,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Inna da Huseina kuna lafiya. Mu nan lafiya.

Yau da safe Modu ya shigo ofis a rame. Ashe zazzaɓin taifod ne ya kwantar da shi a Kafanchan fiye da wata guda, wasiƙarki tana aljihun rigar aikinsa a rataye. Ya ba ni yana ba ni haƙuri. Na karanta a tsaye. Da na kai inda kika ce za ki aiko da takardar in yi dariya, sai na nemi kujera.

Zara, na zalunce ki. Kin tsaya a kan abin da na roƙe ki har kika kusa rasa ƙawarki da sana'ar gaba ɗaya, ni kuwa na saka miki da waccan wasiƙa. Kin ma gaya mini akwai wata a hanya, na ce ba na buƙata. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Kwana goma sha bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Ban san abin da Kawu ya yi ba, kuma abin da yake hana ni sukuni ke nan. Ki rubuto ko layi biyu ne, ko da faɗa ne.

Tambayarki ta farashi: ban ga cuta ba, muddin ba ki ɓoye wa kowa abin da yake ciki ba.

Yayanki,
Ari

Fagge, Kano
3 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Ari,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwan farko ranar Lahadi, gari ya yi sanyi. Inna lafiya. Ka gaishe da Zulfa da yara, ka yi wa Modu sannu.

Wasiƙunka biyu duk sun zo. Ta farkon ban iya ba da amsa ba, duk abin da na rubuta sai in yaga. Ta biyun ta same ni cikin aiki. Yanzu na zauna.

Ka tambayi abin da Kawu ya yi. Kafin ya zo gidanmu sai da ya nuna takardar ga abokan zamansa a ƙofar masallaci bayan la'asar, wai yana neman wanda zai tabbatar masa da fassarar. Da ya shigo, Inna ta zaunar da shi, na ɗauko masa kwalbar Karasu ya karanta, ya sha, ya ce astagfirullah, an yi kuskure. Amma magana ta riga ta fita. A Kwari kular da takan ƙare kafin azahar sai in dawo da rabinta. Wani Alhaji mai shadda da ya shekara huɗu yana sayen leda biyu kullum, sai ya riƙa wuce ni yana kallon gefe. A Islamiyya aka kira Huseina 'yar mai giya. Ta dawo ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi cin abinci.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa a dangi ba sai kai. Abin da ka zarge ni da shi ya faru, ba da sanina ba.

Kwalba ɗari ukun nan na liyafar 'yan kasuwa, mun gama cika su tun kwana goma kafin ranar, don mu huta. Aka jera a ɗakin ajiya. Ka san zafin Mayu, ga ɗakin rufin kwano. Ranar Laraba da hantsi Filo ta aiko in zo maza. Tun daga ƙofa na ji wari. Kwalba kusan ashirin sun tunkuɗe murfinsu, bango ya yi ja. Sauran kuwa in ka buɗe sai su yi kumfa suna huci. Sukarin da zafin sun juyar da shi.

Ƙanenta Ugochukwu yana wurin. Ya zuba a kofi ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya ce, "Anti, wannan ya zama giya, kuma mai kyau. Kada ku yi asara. Na san masu otal uku da za su karɓa a ɗari biyu kowace kwalba yau ɗin nan. A cire takardar kawai, wa zai sani?"

Yaya, kuɗin kwalaben na Filo ne, sayar da giya kuma sana'arta ce, ba haramun ba ce a wurinta. Na tsaya ina kallon ƙasa ina tuna wasiƙarka.

Filo ta dube ni, ta dubi kwalaben. Ta ce wa ƙanenta, "Miƙo mabuɗi." Ta ɗauki ta farko ta fita bayan ɗakin ta tuntsurar a kwata. Ya ce, "Anti, kin haukace?" Ta ce, "Hannun Zara ne ya dafa. Kuma ran da Karasu ya bugar da mutum ɗaya, ran nan ya mutu. Ɗauko katan." Mu uku muka yi ta buɗewa muna zubarwa har azahar, shi yana yi yana ƙunƙuni. Kwatar layin ta yi ja har bakin titi, mutane suna leƙowa suna tambayar wa ya yi yanka.

Saura kwana uku. Na dawo gida na gaya wa Inna komai. Ta sa mayafi ta dogara sandarta, ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har gidajen da aka fi yi da ni. Ta ce 'yarta tana neman hannu. Mata tara suka zo. Wasu don Allah suka zo, wasu don su ga abin da ake zubawa a tukunyar. Duk na ba su aiki. Suka wanke zoɓo, suka daka citta, suka tace, suka tafasa kwalabe. Ranar Juma'a da yamma muka rufe ta ƙarshe, Filo ta kawo ƙanƙara buhu-buhu muka binne su a ciki.

Ranar Asabar na je da kaina, na tsaya bayan teburin rabo. Bayan an gama kallon rantsar da sabon shugaban ƙasa a talabijin aka cika zauren, 'yan Kwari da 'yan kasuwar Sabon Gari. Filo ta sa an ɗaura wa kowace kwalba kore da farin zare a wuya. Da aka ce a ɗaga kofi, kowa ya ɗaga ja, da mai hula da mai jar dara da mai kwat. Ban san lokacin da na riƙe hannun Filo ba.

Alhajin nan mai shadda yana teburin gaba. Ya juya kwalbar ya karanta har ƙasa, sannan ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya ɗaga kai yana dube-dube har ya hango ni. Ya ce da ƙarfi, "Kai jama'a! Wannan ai zoɓon Zara ne aka sa wa babbar riga!" Teburin ya fashe da dariya. Ya kira ni ya tambayi kuɗin kwalba, na gaya masa, na kuma ce tukunya ɗaya ce da na leda. Ya ce to shi na tsirara zai ci gaba da saya. Ranar Litinin ya zo ya karɓi ledarsa biyu kamar ba a yi komai ba. An kuma yi mana maganar biki huɗu.

Amma ba kowa ya dawo ba. Har yanzu akwai masu wuce ni.

Na yafe maka, Yaya. Sai dai in gaya maka gaskiya, zargin bai yi mini ciwo kamar maganar ɗauke Inna ba. Shekara shida ni nake juya ta in gwiwar ta tashi. Ban karanta mata wannan wurin ba, kuma ba zan karanta ba.

In ka san wanda ya san yadda ake hana abin sha juyawa a kwalba, ka tambayar mini. Ba kullum za a samu mata tara ba.

Ƙanwarka,
Zara

Fatakwal
16 ga Yuni, 1999

Zuwa ga ƙanwata Zara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa dai ba ya ɗaukewa. Ki gaishe da Inna da Huseina. Ki gaishe da Filomina gaisuwa ta musamman, ki ce mata na ji abin da ta yi a bakin kwata.

Maganar Inna, kin yi daidai da ba ki karanta mata ba. Ki ƙona wasiƙar. Babu inda Inna za ta fi samun kula kamar wurinki, na san haka tun ranar da nake rubutawa.

Maƙwabcina Samuel yana aiki a kamfanin lemo. Na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya ce bayan an cika kwalba an rufe, a jera su a babbar tukunya, a sa tsumma a ƙasa, a zuba ruwa ya kai wuyansu, a bar su cikin ruwan zafi da bai kai tafasa ba har rabin awa. Kada a cika su fal. Ya ce ku fara gwadawa da goma, ku ajiye a ɗakin nan mai zafi ku gani. Na sayi ma'aunin zafin da ya kwatanta mini.

Na rubuta wa Kawu. Amma na ga takarda ce ta yi ɓarnar nan, kuma takarda ba za ta isa gyarawa ba. Na nemi hutu, an ba ni mako biyu daga biyar ga Yuli. Zan fara zuwa ƙofar masallacin nan bayan la'asar in faɗa da bakina cewa ni na yi kuskuren fahimta. Sannan ina roƙonki abu ɗaya: ki bar mini baron da kular. Ni zan tura zuwa Kwari in zauna a wurinki duk tsawon hutun. Rabin 'yan layin nan sun san ni tun ina yaro, sun san ɗan wane ne. Duk wanda ya wuce yana kallon gefe, zan kira shi da sunansa.

Ban taɓa sayar da ko allura ba, sai kin koya mini.

Yayanki,
Ari

Fagge, Kano
27 ga Yuni, 1999

Yaya Ari,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kwalba goman gwaji suna ɗakin ajiya yau kwana biyar, babu wadda ta yi motsi.

Na karanta wa Inna wasiƙarka daga inda ka ce ka nemi hutu. Da na kai wurin baro ta yi dariya har ta yi tari, ta ce ko da a goye ne sai an kai ta Kwari ta gani. Huseina ta share maka ɗakin zaure tun yanzu.

Na yarda. Ana fita ƙarfe goma. Ƙafar baron tana ja hagu, sai ka riƙa danne hannun dama. Masu dako suna shan bashin baki, su ce gobe, ka ba su kawai. In an ce a rage, ba a ragewa.

Kuma kada ka sako fararen kayan nan naka na ofis. Zoɓo ba ya fita.

Ƙanwarka,
Zara